Babi na Uku: Me Ya Sa Sabon Bututu Yake Fashewa?

Duk wanda aka taɓa yin karo-karo da shi don haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, ko ya taɓa kafa ɗan injin matsar man gyaɗa, ya san wannan tambaya. An sayo bututu sabo dal, an kira mai gyaran famfo ya haɗa, an yi addu'a an saki ruwa. Kafin damina ta zagayo, ga tsagewa nan, ga yoyo can, ko kuma ruwan ya riƙa zuwa kamar ana roƙonsa. Daga nan sai neman mai laifi. Wani ya ce jabu aka sayo, wani ya ce mai haɗin ne bai iya ba, wani kuma ya ce ɗan kwangila ne ya ci rabin kuɗin.

Kowanne daga cikin ukun yana faruwa. Amma sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku tun kafin a taka kasuwa, domin babu wanda ya zauna da takarda da biro ya tambayi kansa abin da wannan bututu zai ɗauka, da irin wahalar da zai sha a inda za a ajiye shi. Wannan zama da takarda shi ne aikin injiniya mai tsara bututu.

A ƙasar Gumel maganar ba ta nesa ba ce. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ruwan shansu daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, rijiyoyin kuma masu zurfi ne, saboda haka duk ɗigon da ya isa randa sai da ya bi ta cikin bututu ko guga. Ga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da dubban dabbobin da ke buƙatar sha. Ga yankin ciniki marar haraji da aka kafa a garin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ga masu sarrafa riɗi da zoɓo. A Gagarawa an daɗe ana maganar gonar rake da masana'antar sukari ta kamfanin Lee Group, wadda batun gonakinta ya jawo ce-ce-ku-ce a zamanin Gwamna Badaru Abubakar. Idan ka tsallaka iyaka, matatar man SORAZ da ke arewa da Damagaram tana aiki tun 2011, ɗanyen man da take tacewa kuwa ta bututu mai tsawon sama da kilomita 460 yake zuwa mata daga Agadem. Ta kudu kuma ga bututun iskar gas na AKK, mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 don ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna ya iso Kano. Yaron da ke karatun injiniya yau a Kazaure ko Hadeja ko Jami'ar Bayero, da wuya ya gama rayuwar aikinsa bai yi karo da bututun masana'anta ba.

Me za a zuba a ciki?

Mai gyaran famfo yakan fara da tambayar inci nawa ake so. Injiniya ba ya isa ga inci sai ya sami amsar tambayoyi huɗu: mene ne zai bi ta ciki, yaya yawansa a kowace awa, yaya zafinsa, kuma da wane irin matsi.

Ɗauki masana'antar sukari, a ko'ina take. A ƙarƙashin rufi ɗaya akwai ruwan sanyi na wanke rake. Akwai ruwan raken da aka matse, wanda yake da ɗan tsami, yana cin baƙin ƙarfe a hankali. Akwai tururi daga tukunyar da ake hurawa da tuƙar rake, mai zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba. Akwai ruwan farar ƙasa da ake zubawa don tace ruwan raken, wanda idan ya yi tafiyar hawainiya sai ya kwanta ya toshe hanya. Akwai kuma baƙin kakkauran ruwan nan da ke saura bayan an cire sukari, wanda da sanyin hunturu da ƙyar yake motsi. Abu biyar ke nan, kowanne da irin bututunsa, da faɗinsa, da kaurinsa, da yadda za a kwantar da shi. Wanda ya sayo iri ɗaya ya shimfiɗa musu duka, zai yi asara ta fuska biyu: ya kashe kuɗin banza a kan ruwan sanyi, ya kuma saka rayukan ma'aikata a hatsari a kan tururi.

Matsi ana auna shi da ma'aunin da ake kira "ba". Hanya mafi sauƙi ta riƙe shi a ka ita ce wannan: duk tsayin ruwa na mita 10 yana ba da matsi kusan ba 1 a ƙasansa. Tankin sola da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 10, matsin da yake bai wa famfon da ke gindinsa kusan ba 1 ne, ko tankin na lita 1,000 ne ko na lita 50,000. Mutane da yawa suna zaton ƙara girman tanki zai ƙara ƙarfin ruwa. Ba zai ƙara ba. Tsayi ne ke ba da ƙarfi, girma kuwa daɗewa kawai yake bayarwa. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da iska ta ba 2 da 'yan kai, tururin ƙaramar masana'anta kuma yakan kai ba 10.

Faɗi

A nan ne aka fi yin arhar da ke komawa tsada.

Ka tsaya a Maigatari ranar kasuwa ka kalli garken shanu ana kora shi ta wani lungu. Idan lungun yana da faɗi, shanun suna tafiya salin-alin. Idan ya tsuke, kuma ana son adadin nan ya wuce a lokaci guda, dole a kora su da gudu, suna gogar bango suna gogar juna, kafin su fita sun galabaita, makiyayin ma ya galabaita. Haka ruwa yake a bututu. Gogar da yake yi da bango tana cinye ƙarfin da injin ya ba shi, kuma cin yana ƙaruwa fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Bari mu sa lamba. A ce ana son kai lita 10,000 a kowace awa zuwa kwamin shayar da dabbobi da ke nisan mita 100. A bututun ƙarfe mai inci 1, ruwan zai yi gudun kusan mita 5 a daƙiƙa, gogar kuma za ta cinye ƙarfin da ya haura na tsayin mita 100. Ma'ana, tankin da ke mita 10 ba zai taɓa iya tura wannan adadi ba, ko kusa. A bututu mai inci 2, gudun zai sauko zuwa mita 1 da ɗan ɗori a daƙiƙa, abin da gogar za ta ci kuwa kusan mita 4 ne kacal. An ninka faɗi sau biyu, asara ta ragu kusan sau 30.

Shi ya sa idan aka ji ana cewa injin ba shi da ƙarfi, a sayo babba, ya kamata a fara duban bututun. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, shaƙe shi aka yi. Bambancin kuɗin inci 1 da inci 2 sau ɗaya ake biyansa, dizal ko ƙarin faifan sola da za a ciyar da babban inji kuwa kullum ne. Ga ruwa, injiniyoyi sukan so gudun ya tsaya tsakanin mita 1 zuwa 3 a daƙiƙa. Idan ya yi ƙasa da haka sosai, yashi da laka sukan kwanta, kuma an sayi ƙarfen da ba a buƙata. Idan ya wuce, ga asarar ƙarfi, ga ƙara, ga zaizayar gwiwoyi, musamman a wuri mai rairayi irin namu inda ruwan rijiya yakan taho da yashi. Tururi ba shi da nauyi kamar ruwa, shi ana barinsa ya yi mita 25 zuwa 40 a daƙiƙa.

Kowace gwiwa, kowane bawul, kowane wurin da aka rage faɗi, yana karɓar nasa harajin. Layin da aka yi masa kwana goma sha biyu don kauce wa bishiya da bangon maƙwabci, a lissafi ya fi tsawon da awon igiya ya nuna.

Akwai kuma iyakar da babu injin da ke ƙetare ta. Famfon da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, ba shi ne ke jawo ruwan ba, nauyin iskar sararin sama ne ke danna shi ya hau. Wannan nauyi kuwa bai wuce na tsayin ruwa mita 10 ba, a aikace ma da ƙyar ake samun 7 ko 8. Abin da ya sa ke nan injin ban-ruwa da ke aiki lafiya a fadamar Hadeja ba ya tsinana komai a rijiyar Sule Tankarkar, sai an zura famfon sumo can ƙasa ya turo ruwan sama. A masana'anta, wannan darasi yana nufin bututun da ke shiga famfo ya zama gajere, mai faɗi, marar kwane-kwane. Idan aka shaƙe shi, ruwan yakan yi 'yan kumfa a ciki, su riƙa fashewa a jikin farfelar famfon, ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Cikin 'yan watanni farfelar ta zama kamar gara ta ci ta.

Kauri, da wani abin mamaki

Bututun da ake kira mai inci 2, idan ka sa ma'auni a bayansa za ka sami milimita 60.3. Mai inci 4 kuma milimita 114.3. Wannan awo na waje ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne kaurin bango, wanda ake bai wa lamba, shedul 40 ko shedul 80 da sauransu. Mai inci 2 shedul 40 kaurinsa milimita 3.9 ne, shedul 80 kuma 5.5. A ido, daga nesa, ba ka bambanta su. A nan ne mai son cuta yake samun ƙofa, kuma a nan ne injiniyan kirki yake zuwa kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu, ya karanta rubutun da ke jikin bututun, ya nemi takardar shaidar ƙarfen.

Lissafin kauri ba shi da wuya. Ka ninka matsi da faɗi, ka raba da ninki biyu na ƙarfin da aka yarda a ɗora wa irin wannan ƙarfe. Matsi yana neman yaga bututu ta tsawonsa da ƙarfin da ya ninka wanda yake neman tsinke shi ta tsakiya sau biyu, shi ya sa bututun da matsi ya fasa za ka ga ya tsage a tsaye ne.

To ga abin mamakin. Idan ka yi wannan lissafi wa baƙin ƙarfe mai inci 4 a matsin ba 10, amsar da za ta fito ba ta kai rabin milimita ba. Shedul 40 na wannan faɗi kuwa milimita 6 ne. Ina sauran biyar da rabin suka tafi? Wani kaso na tsatsa ne, domin akan ƙara milimita 1.5 zuwa 3 don abin da za ta ci cikin shekaru. Wani na masaƙerar da ta ƙera bututun ne, wadda ƙa'ida ta yarda kaurin ya gaza da kashi 12.5 cikin 100. Idan za a yanka masa zare don ɗaurawa, zaren ma yana cin nasa. Sauran kuma don bututun ya iya ɗaukar nauyin kansa ne, ya jure karo da taku da jijjiga.

Wato a yawancin ƙananan masana'antu, matsin da geji ke nunawa shi ne mafi sauƙi a cikin abokan gaban bututu. Masu kashe shi su ne waɗanda ba sa fitowa a geji.

Zafi

Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce. Kowane mai walda ya san haka a hannunsa, amma kaɗan ne suka san adadin. Mita ɗaya ta baƙin ƙarfe tana ƙaruwa da kusan milimita 1.2 idan zafinta ya hau da digiri 100. Kamar ba komai ba.

Yanzu ɗauki layin tururi mai tsawon mita 50. An haɗa shi da rana, zafin ƙarfen yana wajen digiri 30. Aka saki tururi na ba 10, wanda zafinsa ya kai kusan digiri 184. Bututun zai ƙara tsawon kusan santimita 9. Idan an bar masa wurin miƙewa, shi ke nan. Idan kuwa an ɗaure shi tamau a kai da gindi, ɗaya a jikin tukunya ɗaya a jikin inji, ƙarfin da mai inci 4 zai yi turi da shi, a lissafi, ya haura tan 70. Babu bangon bulo ko bakin famfo da zai tsaya wa wannan. Ko dai bututun ya lanƙwashe, ko walda ta tsage, ko ya ture injin daga mazauninsa har shaf ya karkace, a yi ta canza boris ba a san dalili ba. Kuma kullum aka kunna aka kashe, sai ya miƙe ya koma, har ƙarfen ya gaji ya buɗe a wurin da ya fi rauni, galibi a gindin walda.

Maganin yana ba wa baƙo mamaki. Wanda ya fara shiga matatar mai ko babbar masana'anta yakan ga bututu yana tafiya sambal, sai kawai ya yi kwana ya fita gefe, ya yi gaba kaɗan, ya dawo kan layinsa, ba tare da ya kauce wa komai ba. Mai kallo zai ce ɓarnar ƙarfe ce. Wannan lanƙwasa da gangan aka yi ta, ita ce ke shanye miƙewar. Injiniya yakan zaɓi wurare kaɗan ya kafe bututun a can daram, a sauran wuraren kuma ya ɗora shi a kan mazaunin da zai bar shi ya zame gaba da baya amma ba gefe ba. Sanin inda za a ɗaure da inda za a saki shi ne rabin wannan sana'a. Manyan kamfanoni suna da manhajar kwamfuta ta yin lissafin, amma manhaja ba ta amfanar wanda bai san me yake nema ba.

Kada wani ya ce shi ba ya harka da tururi, don haka ba ruwansa. A arewacin Jigawa rana kaɗai ta isa. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan wuce digiri 40, ƙarfe ko baƙar robar da ke kwance a rana kuwa ta fi haka sosai. Da asubahin hunturu kuma sai a wayi gari ana rawar ɗari. Bututun roba ya fi ƙarfe jin wannan sauyi: na PVC yana miƙewa kusan sau biyar fiye da ƙarfe, baƙin nan mai naɗuwa kamar tiyo kuwa ya fi sau goma. Wanda ya shimfiɗa shi da tsakar rana, ya ja shi ya miƙe tsaf, ya manne, ya tafi, da dare bututun zai tsuke ya zare kansa daga mahaɗa. Gwanaye sukan kwantar da shi a rami da ɗan karkace-karkace, su rufe da ƙasa da sanyin safiya.

Zafi yana kuma rage wa PVC ƙarfi. Lambar matsin da aka buga a jikinsa ta yanayin digiri 20 da 'yan kai ce. A digiri 60, abin da ya rage na wannan ƙarfi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Hasken rana kuma yana busar da shi har ya riƙa karyewa kamar busasshen kara. Saboda haka PVC na cikin ƙasa ne ko inuwa. Abu ɗaya kuma da ba a sasantawa a kansa: ba a tura matsattsiyar iska ta kwamfireso a bututun PVC. Idan ya fashe da ruwa, jiƙa mutane zai yi. Idan ya fashe da iska, tarwatsewa yake yi, ɓaraguzansa masu kaifi su tashi kamar harsashi.

Bugun ruwa

Koma ga shanun nan na lungu. Suna cikin gudu sai aka rufe ƙofa a gaban na farko. Na baya ba su sani ba, kowa ya zo ya afka wa na gabansa, ƙofar ce za ta sha dukan garken gaba ɗaya.

Ruwa ba ya matsuwa, kuma yana da nauyi: kowace lita kilo ɗaya. Idan yana gudun mita 2 a daƙiƙa a bututun ƙarfe aka datse shi farat ɗaya, matsin yakan yi tsalle da kusan ba 24 a kan wanda yake da shi, ya bi layin da gudun da ya haura kilomita ɗaya a daƙiƙa, ya je ya dawo. Wani masani ɗan Rasha, Nikolai Zhukovsky, shi ya fitar da lissafin bayan gwaje-gwajen da ya yi a bututun ruwan birnin Mosko a 1897 da 1898. Ƙarar "gwaf" da ake ji a bango idan an rufe famfo da sauri, ƙaramin ɗan'uwan wannan ne.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo shi a wurinmu. Na farko bawul mai hannu ɗaya wanda ake rufewa da juyi guda, ga arha ga sauƙi, shi ya sa ya cika ko'ina, har a manyan layukan da bai dace da su ba. Babban layi yana son bawul mai sitiyari, wanda dole sai an yi ta juyawa kafin ya rufe, jinkirin nan shi ne amfaninsa. Na biyu ɗaukewar wuta. Famfo yana cikin tura ruwa sama aka ɗauke lantarki ko janareto ya mutu, ruwan ya tsaya, ya juyo da baya, ya maka wa bawul ɗin da ke hana komawa. Injiniyan da ke tsara layi a ƙasar da wuta ba ta yankewa zai iya ɗaukar wannan a matsayin abin da ke faruwa jefi-jefi. A nan kuwa lissafin kullum ne, kuma duk zanen da aka kwafo daga waje ba a duba wannan ba, da gyara a gabansa.

Layin tururi yana da nasa salon. Tururi idan ya huce yakan koma ruwa ya kwanta a ƙasan bututu. Sabon tururi ya zo da gudun mita 30 a daƙiƙa ya kwashi ruwan nan ya jefa shi a gwiwa ta farko. Don haka ake ɗan karkata layin tururi, kamar santimita 1 a kowace mita, a sa tarkon da ke zubar da ruwan a wurare masu kwari, a naɗe bututun da abin riƙe zafi, a kuma buɗe tururi sannu a hankali da safe.

Wa zai ɗauki nauyin?

Sandar bututu mai inci 6 shedul 40, mai tsawon mita 6, nauyinta kusan kilo 170 ne. Cika ta da ruwa, ka ƙara sama da kilo 110. Idan tazarar da ke tsakanin ginshiƙai ta yi yawa, tsakiya zai lotsa, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin, tsatsa ta samu gida. Doka mai sauƙi ita ce kada famfo ko tanki ya zama shi ne ginshiƙi. A kwance kusoshin da suka haɗa bututu da famfo: idan bututun ya tsaya a inda yake, an yi aiki. Idan ya zabura gefe ko ya faɗi, da ma famfon ne ke ɗauke da shi, kuma da ƙarfin tsiya aka jawo shi aka ɗaure.

A bar wa mai gyara wurin sa hannu da sifana. Bawul ɗin da sai an hau tsani an miƙa hannu ta bayan bututu mai zafi kafin a taɓa shi, ranar da ake buƙatar rufe shi da gaggawa ba za a rufe ba.

Zanen da aka yi da alli

A ranar Asabar 1 ga Yuni 1974, wata masana'antar sinadarai a Flixborough da ke Ingila ta yi bindiga, mutum 28 suka mutu. Watanni biyu kafin nan, ɗaya daga cikin manyan tukwane shida da ke jere ta tsage, aka cire ta. Don kada aiki ya tsaya, aka haɗa ta huɗu da ta shida da bututun wucin gadi mai inci 20. Tukwanen ba tsayinsu ɗaya ba, sai aka yi wa bututun karkata biyu, aka ɗora shi a kan ƙarafan gini. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba a yi lissafin yadda matsi zai murɗa bututu mai irin wannan karkata ba, ba a yi masa cikakken gwaji ba, zanen da aka yi kuwa da alli ne a daɓen ɗakin aiki. A lokacin kujerar babban injiniyan injuna na masana'antar babu kowa a kai. Waɗanda suka yi aikin ba ragwaye ba ne, sun iya walda, sun iya haɗi, kuma abin ya yi aiki na makonni. Ba su dai san akwai tambayar da ya kamata su yi ba.

Na kawo wannan labari ne domin irin gyaran nan na "bari mu ɗan haɗa kafin kaya su iso" shi ne abincin yau da kullum a masana'antunmu, kuma na wucin gadi a wurinmu yakan shekara goma.

Aikin da aka yi bisa ƙa'ida yana barin takardu. Akwai zanen farko da ke nuna abin da ke tafiya daga ina zuwa ina, da yawansa da zafinsa. Akwai na biyu da ke nuna kowane bututu da lambarsa da faɗinsa, kowane bawul, kowane geji. Sai zanen shimfiɗa, wanda ke nuna inda layi zai bi a fili, sannan zanen kowane layi shi kaɗai da awonsa, wanda ake miƙa wa mai walda. Dokokin lissafin kuma ba sai kowa ya ƙirƙiro nasa ba. Ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, ASME, wadda aka kafa a 1880 a zamanin da tukwanen tururi ke yawan fashewa suna kashe mutane, ta tattara su a kundaye: B31.1 na tashoshin wuta da tukwanen tururi, B31.3 na matatu da masana'antu, B31.4 na dogon bututun mai, B31.8 na iskar gas. Su ne aka fi aiki da su a harkar mai da gas ta Najeriya. A gida kuma, hukumar COREN ce ke yi wa injiniyan da ya cancanci sa hannu a zane rajista.

Kafin a saki layi ya fara aiki, akan cika shi da ruwa, a fitar da iskar da ke ciki tas, a matsa shi zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin da aka tsara shi a kai, a riƙe, a bi kowace mahaɗa ana dubawa. Da ruwa ake yi ba da iska ba, saboda dalilin da muka faɗa a kan PVC: ruwa idan ya sami ƙofa tsartuwa yake yi matsin ya faɗi nan take, iska kuwa ajiye ƙarfi take yi ta sake shi gaba ɗaya.

A ranar wannan gwaji, da wuya ka ga tsakiyar sandar bututu ta yi yoyo. Inda ɗigo ke fitowa shi ne inda hannun mutum ya taɓa: bakin walda, zaren da aka naɗa wa farin tef, gaskit ɗin da aka matse gefe ɗaya fiye da ɗaya. Babi na gaba a kan mahaɗa yake. Za mu ga inda zare ya isa da inda dole sai walda, yadda ake duba cikin walda ba tare da an yanka ta ba, da abin da ya raba mai waldar ƙofa da taga da wanda za a damƙa wa layin tururi.